Tsaga ta Bakwai a Kuncin Hanatu

Litinin, 5 ga Yuli, 1999
Tari ya lafa, gwiwar hagu ce ta ƙi. Na sha ƙwaya da kunun da Balkisu maƙwabciyata ta miƙo ta kan katanga.

Na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na kai hoton marigayiya matata Hanatu shagon Alƙasum na bakin kasuwa, mai ordinater, wato kwamfuta. Shi kaɗai ne hotonta da ya rage. Ni na ɗauke shi da hannuna a 1961, shekarar da muka baro Tsibiri muka zo Tawa. Gara ta shiga akwati ta cinye kuncin hagu gaba ɗaya, nagatif ɗin fim kuwa ya ɓace tun rufe shagona na ɗaukar hoto. Shekara talatin da biyar ina gyaran fuskokin mutane a hoto da fensir, yau ga ni ina roƙon inji.

Ya ce kwana uku. Ban so yadda ya karɓa da yatsa biyu ba, yana hira da wani.

Alhamis, 8 ga Yuli
Bai gama ba. Wai babu kuran, an ɗauke wuta. Amma na ji firjin mai ƙanƙara na jikin shagonsa yana gurnani.

Juma'a, 9 ga Yuli
An taɓa gaya mini ana sayar wa Turawa tsofaffin hotunanmu a Agadas. Na faɗa wa Balkisu, sai ta yi dariya. "Baba Ishaya, kai ko mala'ika ya yi maka sallama sai ka ce ya nuna kati."

Wataƙila. Wa ya san abin da ke shiga injin nan nasa, da inda yake fita?

Lahadi, 11 ga Yuli
Ban je sujada ba, ƙafa. Na zauna ina neman fuskarta a raina. Goshi ya zo, wushirya ta zo, sauran kamar ta bayan labule. Shekara tara kacal da rasuwarta. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Talata, 13 ga Yuli
Na hau kabu-kabu na je ba sanarwa. Ya nuna mini a gilashin injin, yana ta murna. Kunci ya cika sumul, ba rami ko ɗaya.

Ba ita ba ce.

Na ce, "Matar wa ka sa mini nan?" Ya rantse bai ɗauko fuskar kowa ba. Na ce ya ba ni hotona. Ya ce in bari tukuna, sai ya sake haska shi. Na ɗaga murya a gaban mutane, abin da ban yi ba tun ina saurayi. Ya fito da shi daga ambulan, lafiya lau, har ya sa masa farar takarda gaba da baya. Na karɓe na taho. Ban yi sallama ba.

Laraba, 14 ga Yuli
Da hantsi na sa tabarau na ƙirga tsagar kuncin dama. Shida. Nan na gane. Ɗauko kuncin dama ya yi, ya juya shi, ya liƙa a hagu. Shida da shida. A gidansu Hanatu shida ake yi a dama, bakwai a hagu. Ta bakwan nan tata gajeriya ce, ta ɗan karkace wajen kunne, don ta zabura a hannun wanzami tana jaririya. Takan ce tun ranar ta fara gardama.

Alƙasum mutumin Affala ne, su ba sa tsaga. Ina zai sani? Duk da haka, ya tambaya mana.

Asabar, 17 ga Yuli
Na koma. Ya kawo kujera kamar ba abin da ya faru, wannan ma ya sa na ƙara lura da shi.

Ya gwada ja mata layin da wani abu da yake kira ɓera, wanda ake turawa a kan tebur da tafin hannu. Layi ya fito kamar sawun tsutsa. Sau biyar. Na ce, "Kai da dutsen guga kake zane?" Ya ce, "Baba, abin da ag gare mu ke nan."

Sai na hangi wani allo mai launin toka da ya jera kofunan shayi a kai, waya na rataye. Ya ce tare da injin ya saye shi wurin wani Bature na froje, masu aikin raya karkara, da alƙalaminsa, amma ya kasa: hannu na rubutu a ƙasa, zane na fitowa a sama. Na ce ya kwashe kofunan.

Alƙalamin ba tawada, ba nauyi. Na farko na yi mata tsaga a kan hanci, don idona na bin hannuna. Alƙasum ya taɓa wani wuri, layin ya ɓace, ko tabo babu. Ban ji daɗin wannan ba. Abin da ke goge kuskure ba alama, me zai hana shi goge gaskiya?

Ya ce, "Daina kallon hannunka, ita za ka kalla."

Na kalle ta. In na danna layi ya yi kauri, in na sassauta ya sirance, kamar fensir ɗina na da. A karo na tara na ja shi, gajere, da ƴar karkatarsa wajen kunne. Sai ga Hanatu tana shirin yi mini gardama.

Na goge ido, na ce masa hayaƙin gawayin shayinsa ya yi yawa. Ya ce haka ne, ya fita waje ya daɗe.

Litinin, 19 ga Yuli
A Yamai za a wanke hoton. Ya ce ranar Alhamis zai kawo mini har gida, kuma wai yana da kwali cike da hotunan tsofaffi masu tsaga da ya rasa yadda zai yi da su. Aiki yake so in yi masa, shi ya sa ladabin. Na ce zan duba.

Ya roƙi na asalin don a daidaita haske. Na bar masa. Ban san me ya same ni ba.

Alhamis, 22 ga Yuli
Gwiwa da sauƙi. Na sa Balkisu ta goge mini farar riga. Na shimfiɗa tabarma ta biyu a inuwar itacen bedi, na sayi sukari.

Tun safe nake jan layi a takarda da tsohon fensir, idona a kan bango. Balkisu ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya kake zane kana kallon ƙadangare?" Na ce motsa yatsu nake, likita ya ce.

An yi ruwa wajen la'asar, hanyar Yamai kuma kowa ya san ta. Ƙila motar ce. Na lumshe ido ɗazu, fuskar ta zo gaba ɗaya, har ta bakwan.

Alƙasum bai zo ba. Na bar rigar a rataye, kada ta yamutse kafin gobe.