Wa Zai Sauko da Baba

Sciacca, 3 ga Oktoba

Yaya Nunziata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Torino, can arewacin ƙasar, bai fara cin ki ba. Mu nan lafiya, ban da Baba. Wata biyar ke nan ƙafafunsa sun ƙi, ga mu a hawa na huɗu. Daga gado sai taga, daga taga sai gado, ni ma ya hana ni sakat. Maganarsa ɗaya ce: "Scendimi, Agatina, sauko da ni in ga bakin teku."

Masunta abokansa sun ce za su ɗauke shi. Ya ce ba ƙaton da zai saɓa shi kamar buhun dankali a gaban unguwa, sai dai a zaunar da shi a kujera, 'ya'yansa su riƙe ta su sauko da shi. Ni kaɗai ba zan iya ba. Yaushe za ki sauko?

Ƙanwarki,
Agatina

Torino, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Agatina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu wasiƙarki, kuma hankalina bai kwanta ba. Amma ki daina rubuta "scendimi". Asalin kalmar, scendere, na nufin mutum ya sauka da ƙafarsa. Ba a yi wa wani. Kullum a aji sai na ja wa 'ya'yan mutanenmu na Kudu jan biro a kan wannan, domin da shi ake gane mu a nan, a yi mana dariya. Shekara nawa na yi kafin na kankare shi daga bakina. Haka zuwa gida da kuke kira saukowa, sai ka ce Kudu rami ce.

Makaranta ba za ta sake ni ba sai hutun Disamba. Ki gaida Baba da kyau.

Yayarki,
Nunziata

Sciacca, 22 ga Oktoba

Malama,

Muna gaida jan biro. Na karanta wa Baba wasiƙarki, don haushi ya hana ni ɓoyewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ki ce mata gaskiyarta. Shekara saba'in da takwas ina sauka da ƙafata, ban taɓa yin wannan kuskuren ba sai da na kasa."

Na shiga kicin na yi kuka, kuma ke na yi wa, ba shi ba.

Ki huta lafiya,
Agatina

Sciacca, 25 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Likita ya zo yau. A kan matakala ya ce min kada mu jira Disamba.

Na ɗaure wa kujerar matashi. Ni zan riƙe ta ɓangaren ƙasa, can ne nauyin yake. Saura mai riƙe sama.

Taki,
Agatina