Turmin da na sayo miki a Jawa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga ɗakina na unguwar International City a Dubai nake rubuto miki, kwana tara da dawowata daga Indonesiya.

Na je, Umma. Ƙasar nan da kike ambata duk sanda kika shimfiɗa wa masu saye atamfa a tsakar gida, kina cewa, "Asalin zanen nan daga Jawa yake, wata rana sai na ga hannun da ke yin sa." Na yi miki alkawarin kai ki a hutuna na gaba, ajali ya riga hutun. Ina filin jirgin Dubai aka kai ki makwancinki.

Na hau dutsen Bromo mai aman wuta da sassafe. Gajimare na kwance a ƙasa da ƙafafuna, hayaƙi na fita daga bakin dutsen a hankali. Da kina nan, na san tambayata za ki yi wa ya aike ni.

Na ga gonakin shinkafa hawa-hawa, ruwa kwance a kowane hawa, sararin sama a cikinsa. Na daɗe a tsaye har direban da ya kawo ni ya gaji da ni.

A garin Yogyakarta na ga hannun. Wata tsohuwa ce a kan 'yar kujera, tana ɗebo narkakken kaki da wani ɗan abu mai baki irin na buta, ta hura, ta ja layi a farin yadi. Yatsunta sun ƙanƙance kamar naki. Na zauna kusa da ita ina kallon hannun, ina kewarki.

Mutanen wurin guntu-guntu suke sayarwa, kowanne ɗaurin zane ɗaya. Ni kuwa na kafe sai turmi, na riga da zane da ɗankwali, domin ba a kawo miki tsarabar guntu. Na yi ta gwada musu da hannu suna dariya, har suka zaƙulo uku masu kama da juna, shuɗi da ruwan ƙasa, irin marasa hayaniyar da kike so. Ban manta kin rasu ba, Umma. Hannuna ne bai sani ba.

Da na dawo Dubai, a kasuwar Murshid Bazaar mai aika kaya ya tambayi sunan da zai rubuta a kwalin da za a aika Kano. Naki na faɗa. Har ya fara rubutawa na zare turmin, na rungumo abina zuwa gida.

Na kai wa tela, na ba shi awonki da ke cikin wayata. Rigar ta yi mini yawa, hannunta ya rufe yatsuna. Da ita nake sallah, a cikinta nake ɗaga miki hannu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tufatar da ke da abin da ya fi wannan kyau, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

'Yarki mai yawon duniya,
Bilki