Duwatsun Goggo Hadjara

Zongo, Lome
19 ga Janairu, 1981

Zuwa ga Yaya Aboubakar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Zainabu da yara. Allah ya kare ku daga sanyin Faransa. Mu nan Inna ƙafarta ta yi sauƙi, ni ma ina nan ina koyarwata. Kunnena na hagu ne kawai ba ya ji sosai, za ka ji dalili.

Maganar Goggo Hadjara ce. Ka tuna lokacin ina karatu a wurinka ta zo, muka kai ta asibiti aka rage mata hanji don ƙiba ta sauka, ta sa muka dafa Alƙur'ani ba za mu faɗa wa kowa ba. Ta dawo siririya, matan kasuwar Assigamé suka yi ta yaba ruwan Turai. To, tun bara zawo ba ya barinta, yanzu kuma fitsarin jini take yi, tana birgima a ƙasa, ƙananan duwatsu suna fitowa. Ni ke yi mata fassara a asibiti. Likita ya ce aikin ne ya jawo, hanjin da ya rage ba ya riƙe ruwa, ƙoda tana tara tsakuwa, ɗaya ma ta kusa mutuwa. Sai an mayar da hanjin yadda yake, shi kuma ba zai taɓa ta ba sai ya ga takardun aikin farko. Goggo ta hana shi faɗa wa kowa.

Duwatsun ta tara su a kwalbar turare. Ka san Zongo, wanda dutse ya fito daga cikinsa, jifa aka yi masa. Ba a sha wahalar samun mai jifan ba, tunda Aïssa, Bazabarmiyar da rumfarta ke jikin ta Goggo, ita ke kawo mata fura kullum. Ranar Talata da hantsi Moumouni ɗan Goggo ya ajiye motarsa ya shiga kasuwa da ƙarfen cire taya. Ya jawo Aïssa ta gashi daga kan atamfofinta, ya karya mata hannu, ya zubar mata da haƙora huɗu, yana tambayarta wane boka ta je wa. Jama'a ta cika kamar ranar rawar jam'iyya, sai dai wannan ba wanda aka tilasta wa zuwa. Da aka ɓamɓare shi ya rantse ranar da uwarsa ta mutu zai yanka Aïssa.

Na roƙi Goggo ta yi magana. Ta juya fuska bango ta ce ita ba ta zargi kowa ba. Gaskiyarta ce, shiru kawai ta yi. Gara mata a ce jifa ne da a ce ta kai kanta an yanka don kwalliya.

Jiya bayan la'asar, dangi cike da ɗakinta, na faɗi komai, na ɗaga rigarta na nuna tabon. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Wannan na haihuwar Moumouni ne. Boko ya taɓa kan yarinyar nan." Moumouni, wanda aka haifa a gida a kan tabarma, ya kwaɗa min mari har na bugi ƙofa. Tsofaffin da suka karɓi haihuwarsa suna zaune, ba wadda ta yi ko tari.

Yau na fara azumin kaffara. Rantsuwa kwana uku ke wanke ta, Yaya, haƙoran Aïssa kuwa ban san kwana nawa ba. Na ɓoye ta a ɗakin da nake haya a unguwar Totsi. Ba mu kai ƙara wurin jandarma ba, takardunta na zama sun ƙare, ita za su fara ɗauka.

Takardun asibitin nake so, masu hatimi da sunan Goggo. Kada ka sa a gidan waya, wasiƙar Turai sai ta sha karatu kafin ta iso, wata ma ba ta isowa. Ka ba mai zuwa hannu da hannu. Na san kai ma ka dafa Littafi. Ka yi naka azumin, can ma wunin gajere ne yanzu.

Inna tana gaishe ku. Ka gaishe min da Anti Zainabu, da Idrisu da Jumare. Ka hanzarta don Allah, Moumouni ya fara tambayar mutane wace unguwa nake haya.

Ƙanwarka,
Kulsum