Ƙullin da Na Yi wa Khai

Mui Ne, 9 ga Janairu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ciwon gwiwar? Ya gonar tafarnuwa? Muryata ta ƙi fita a waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Yau kwana uku ba a ga ƙanena Khai ba. Iskar hunturun bana ba ta da alƙawari, da safe ta kwanta luf, da la'asar ta juya ta nufi tsakiyar teku. Haka ta ja shi da jar laimarsa, laimar nan ta wasan zamiya da ke jan mutum a kan ruwa, muna kallo. Masunta sun tsinto allon da yake takawa, shi ke nan.

Kullum abin da muke koya wa baƙi masu koyon wasan ɗaya ne: in iska ta fi ƙarfinka, ture makullin da ke haɗa ɗamararka da laimar, laima ta tafi, kai ka tsira. Kowa sai tambaya yake, me ya hana gwani kamar Khai turewa? Ni dai sai in bar wurin.

Ki ci abinci, don Allah.

Ɗanki,
Thinh

Mui Ne, 16 ga Janairu

Inna,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da Goggo Nhan. An daina nema.

Akwai abin da na ɓoye miki. Makullin Khai ya tsufa, yakan buɗe da kansa. Ranar da ya ɓace na ce ya bari sai sabo ya zo, ya bushe da dariya, wai wansa ya zama tsohuwa. Kin san bakinsa. Na ji haushi, na fizgi zaren kamun kifi na ɗaure makullin tam, da ƙullin nan da Baba ya koya mana a jirgi, wanda ba ya kwancewa. Har na ce masa, "To, ga shi nan, je ka."

Jiya teku ta turo laimar da ɗamarar. Inna, akwai shaidar haƙoransa a jikin zaren. Ƙullin bai ko motsa ba.

Ki sa a ƙera siffarsa da yumɓu, a binne ta a kabarin iska, irin wanda ake yi in ba gawa, kusa da na Baba, tunda shi ma teku ta hana mu gawa. Na aiko da rigarsa a sa wa siffar. In kin ce kada in zo jana'izar, wallahi ba zan ga laifinki ba.

Wanda har yanzu ɗanki ne, in kin yarda,
Thinh