Sharuɗɗan da Na Gindaya wa Ubangiji

Litinin, 3 ga Maris

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba a shagonmu na tabarau, ni da nake cewa na gama ganin komai. Matar da ke kula da gidan marayu ta kawo wata yarinya karɓar tabaraunta, ba za ta wuce shekara huɗu ba. Wai tun da aka kawo ta gidan take karo da ƙofofi, ana ta cewa rawar kai ce, ashe baiwar Allah ba ta gani sosai. Na durƙusa na sa mata, ja ne, na gyara shi a bayan kunne. Ta ƙura mini ido, ta miƙo yatsa ta taɓa wushiryata, sai ta kwashe da dariya. Ni kuwa sai hawaye, a gaban mutane! Na ce musu mura ce.

Har na dawo gida hankalina yana wurinta. Na ƙona albasa.

Talata, 4 ga Maris

Na ba Maigida labarin, sau uku in ji shi. Ya ajiye cokali ya ce, "To, mu je mu gan ta mana." Haka kawai, kamar mai cewa mu je sayen sabulu. Tun shekarun baya yake son mu ɗauki riƙo, ni ce na kafe. Kullum cewa nake Ubangiji ya san ƙofar gidanmu, in ya nufa zai ba mu namu. Tun ɓarin da na yi na ƙarshe ban ƙara yarda an ɗaga maganar ba.

Ban ce e ba. Amma na goge rigar da zan sa.

Asabar, 8 ga Maris

Mun je! Kafin mu fita na durƙusa gefen gado na ce, Ubangiji, ba na son in bi son zuciyata. In nufinka ne, ta kira ni Mama da bakinta, ba tare da kowa ya koya mata ba.

Muna shiga ta sheƙo a guje, jan tabarau ya karkace, ta rungume ƙafata ta ce, "Mama!" Na damƙe hannun Maigida har ya ce wash. Ina cikin yin godiya a zuci sai ta juya wurinsa, da gemunsa da komai, ta ce, "Mama!" Mai gadi ya zo wucewa, shi ma Mama. Mai kula da gidan ta ce ai ita kowa Mama ne, har kyanwa.

A mota na faɗa wa Maigida sharaɗin da na sa. Ya yi dariya har sai da ya tsaya gefen hanya. To ni yanzu wannan amsa ce ko ba amsa ba ce?

Lahadi, 9 ga Maris

A coci waƙa nake yi amma hankalina yana can. Na shiga baiti na biyu ana na uku, shugaban mawaƙa ya harare ni.

Laraba, 12 ga Maris

Na kira Yaya. Ban kai ƙarshen magana ba ta ce, "Ke, kada ki riga Ubangiji. Abin da ya rubuta miki ba mai gogewa. Duk shekarun nan kin jira, sai yanzu za ki nuna masa kin gaji?" Abin da nake tsoro ke nan. In na ɗauki yarinyar nan, kamar na ce masa ya makara ne, na nemo wa kaina mafita.

Yaya tana da 'ya'ya biyar. Ban faɗa mata haka ba, a nan kawai nake faɗa.

Asabar, 15 ga Maris

Mun sake zuwa. 'Yar Tabarau, haka Maigida yake kiranta, ta ja ni ta nuna mini tururuwa a jikin bango. Da ba ta san akwai su a duniya ba! Muka tsuguna ni da ita muna kallon jerin gwanonsu har ƙafata ta yi tsami. Ta zauna a cinyata, kanta yana ƙamshin man gashi da rana. Ina sonta. Na rubuta, ba zan goge ba.

Mai kula da gidan ta ja mu ofis. Ta ce in da gaske muke, mu bayyana aniyarmu kafin ƙarshen wata, don za a mayar da wasu yara wani reshe mai nisa, har da ita. Maigida ya ce shi a shirye yake, amma ba zai sa hannu shi kaɗai ba, kuma ba zai matsa mini ba.

Sabon sharaɗi, wanda kyanwa ba za ta ɓata ba: in aka yi ruwan sama kafin Lahadi ta sama, nufinsa ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Hadari ya haɗu da rana! Na bar wata mata da tabarau a hanci na fita ƙofar shago ina ɗaga kai. Iska ta zo ta watsa shi. Ɗigo biyu ko uku sun taɓa gilashin taga, amma ina zargin mai wanke benen sama ne.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba ruwa. Sama fes.

Bayan sujada na tare matar fasto a bayan coci na zazzage mata komai. Ta ce, "'Yata, da aka yi ruwan, da me za ki yi?" Na ce da na tafi a guje. "Da ba a yi ba fa, me kika yi?" Na ce kuka. Ta gyara mini ɗankwali ta ce ita ba ta da wahayi a kan maganar nan, amma za ta yi mini addu'a. Wahayin nake so, Mama!

Na ba Ubangiji ƙarin kwana biyu. Ban san ko ana yin haka ba.

Talata, 25 ga Maris

Rana kamar ta fasa kai. Maigida ya haɗa mini shayi.

Laraba, 26 ga Maris

Bari in rubuta tun da zafinsa!

Wani dattijo ya zo gwajin ido. Na zaunar da shi, na ɗora masa abin gwaji a hanci, na fara canza gilasai kamar kullum. "Baba, wanne ya fi, wannan ko wannan?" Ya ce, "Duk wanda kika ce, 'yata." Na sake. Ya ce, "Ai ke kika yi karatun." Muka yi ta yi, layi yana ƙaruwa a waje. Wai tsoro yake kada ya zaɓi wanda ba daidai ba. Haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, idonka ne! Ni zan sa maka gilashi, in ka kuskure ina nan zan gyara, ba inda za ni. Amma ba zan buɗe bakinka in amsa maka ba."

Ya ce, "To, na biyun." Ni kuwa na tsaya da gilashi a hannu kamar an dasa ni, har ya ce, "'Yata, lafiya?"

Wata guda ke nan kusan ina zaune a kujerar nan ina cewa duk wanda ka ce. An kawo yarinya har gabana, an ba ni miji mai zuciya, an ba ni ɗaki da hannuwa biyu, ni kuma ina can ina leƙen hadari. Ban san abin da aka rubuta mini ba, Yaya ma ba ta sani ba. Abin da na sani shi ne in na kuskure, Ubangiji ba zai tattara kayansa ya bar ni ba.

Na kira Maigida daga ɗakin ajiya. Na ce, "Na biyun." Ya ce, "Na biyun me?" Na ce ya zo kawai!

Juma'a, 28 ga Maris

Mun sa hannu! Ba za a tafi da ita reshen nan ba tukuna. Ma'aikaciyar jin daɗin yara ta gaya mana gaskiya: za a zo duba gida, za a yi tambayoyi, sannan kotu, kuma alƙali yana iya cewa a'a. Duk da haka ban janye hannuna ba.

Da muka fito 'Yar Tabarau tana tsakar gida tana ƙoƙarin sa wa kyanwa tabaraunta. Na ƙwace na goge na mayar mata, na yi mata faɗa kaɗan. Ta turo baki. Faɗana na farko ke nan, daɗi kamar ya kashe ni.

Na faɗa wa Yaya a waya, sai ta ce, "Takalmi lamba nawa take sawa?"

Asabar, 5 ga Afrilu

Har yanzu ba a sa ranar kotu ba. Da safe na yi addu'a, na roƙa a ba mu ita, na roƙa ƙwarai, na ce amin na tashi. Sai da nake ɗaura takalmi na lura ban gindaya masa komai ba. Wataƙila don ina sauri ne.

Mun je sayen fenti don ƙaramin ɗakin. Maigida yana son shuɗi, na ce rawaya, kuma rawaya muka saya. Ya ce, "In alƙali ya ƙi fa?" Na ce sai mu zauna a ɗaki rawaya mu yi kuka, Ubangiji yana tare da mu a can ma.

Mai shagon yana gauraya fenti ya ce, "Ɗakin wa za a gyara?" Na ce, "Na 'yata." Maigida ya juyo ya kalle ni, na ce masa ya ɗauki bokitin mu tafi, rana tana yi.