Kabarin Inna Ya Lotsa

Tsibiri, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Idirisa,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da matarka Saudatu da yara, da mutanen Sabon Gari.

"Yaya, kafin ruwa ya sauka zan ƙara wa kabarin Inna ƙasa, in kewaye shi da ƙaya." Kai ka faɗa ranar sadakar arba'in, hannunka a ƙirji. Ruwa ya sauka sau uku.

Kowace Juma'a in na taso daga koyarwa a lakwal nakan tsaya bayan katangar maƙabarta, inda ta rushe, in yi mata addu'a, tunda mu mata ba mu shiga. Wata takwas ke nan. Na karanci wurin fiye da littattafan da nake koyarwa.

Da sanyi gawon da ke kanta ya yi 'ya'ya, awaki suka riƙa hawa kabarin suna ci. Na jefe su har kafaɗata ta riƙe. Da bazara kurege ya zo. Shi ban ƙi shi ba, yakan miƙe tsaye ya dube ni kamar mun saba. Gafiya kuwa rami ta haƙa wajen kai. Shamuwa ta iso ta yi sheƙa, na aika maka, ka ce kana Jiratawa. Na ji garkarka ta can ka kewaye ta da ƙaya tsaf. Tumatir ya samu ɗa nagari.

Ran Laraba bayan ruwa na leƙa. Gara masu fiffike na tashi daga kabarin kamar hayaƙi, tsuntsaye na cafkewa. Ka san abin da gara ke ci a can: itacen da kuka rufe ta da shi. Jiya na tarar tsakiya ta lotsa. Na tsaya taku ashirin da uwata, ban iya zuba mata ko tafin ƙasa ba. Ban yi kuka ba sai a gida.

Na ba ka zuwa Juma'a, a sauko masallaci. In ban gan ka ba, zan ɗauki kwando da fartanya in shiga ta babbar ƙofa, lokacin da maza ke fitowa ziyara. Malamin da ya tare ni, zan faɗa masa sunanka da na shagonka, in wuce.

Ka gaida Saudatu, ita ba ta yi mini komai ba.

Yayarka,
Tsahara