Almakashina da Wushiryar Kanari

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da zafin rana a wajen aikin hanyar nan taku, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan ƙalau muke. Inna tana nan da ƙafarta, yau sauƙi gobe ciwo, amma bakinta garau yake, don har yanzu ba ta fasa koya min ɗinkin da ita ba ta taɓa yi ba. Maigidana ya warke daga murar nan, yara suna zuwa makaranta, shago kuma alhamdulillahi keken ɗinki bai kwanta ba. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, layinku yankewa yake yi ana tsakiyar magana, kuma ko bai yanke ba kai kake yankewa, don tun muna yara ba ka barin mutum ya kai aya. Yau dai dole ka saurare ni har ƙarshe, domin magana ce a kan 'yarka Kanari.

Ka tuna yadda ka bar min ita. Haƙoran sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa sai da ƙoƙari, fiƙoƙi biyu sun hau kan 'yan'uwansu, 'yan ajinsu suna kiranta zomo. Yarinyar da ka sa wa Kanari saboda surutu ta koma kamar an ɗinke mata baki, ko dariya za ta yi sai ta kai hannu ta tare. Da ka ba da izini aka sa mata ƙarfen gyaran haƙorin nan, ba zan ɓoye maka ba, makon farko sai da na yi da-na-sani. Ko burodi ba ta iya gatsa, sai ayaba da madara da dankalin da nake murje mata kamar na jariri. Bakin wayar ƙarfen ya goge mata kumatu ta ciki har ya yi miki, muna ta manna ɗan kakin da likita ta ba mu. A makaranta kuwa zomo ya tafi, layin dogo ya zo. Amma kafin wata uku 'yarka ta saba. Duk ta ci abinci sai ta tsaya gaban madubin shago da ɗan burushinta mai kama da wanda nake share keke da shi, tana bin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya. Fiƙoƙin suka sauko layi, leɓe ya rufu, baki ya buɗe. Malamarsu ta gaya min wata rana samarin ajin suka fara tsokanarta, ta ce musu su sauka daga kan layin kada jirgi ya take su. Wallahi ranar nan har da ƙwalla na yi dariya.

Matsalar ta fara ne a wata na takwas. Likitar ta ce aiki ya yi kyau, saura abu ɗaya, a haɗe wushiryar nan ta gaba. Ta ɗaura mata wata siririyar roba mai kama da sarƙa, wadda za ta riƙa jawo haƙoran biyu a hankali har su haɗu. Kwana biyu robar ta tsinke. Muka koma aka sa wata, ita ma ko mako ba ta yi ba. Likitar, mace ce mai haƙuri amma ba ta rufa-rufa, ta ce lalle akwai abu mai tauri da yarinyar take ci, kuma in aka ci gaba da haka za a daɗe ana abu ɗaya, ƙarfen ya wuce lokacinsa a baki, haƙoran su wahala a banza. Ka san halina. Na dawo gida na kafa doka. Na kori rake, na kori gyaɗa, cingam kuwa ko a aljihun baƙo na gani sai ya ajiye a ƙofa. Maigidana bawan Allah shi ya fi shan wuya, don na taɓa kama shi yana miƙa mata gasasshiyar masara, sai na ɗora masa laifin duka. Ya yi ta rantsuwa, ni kuwa ko gezau. Kwana uku ba na amsa masa sannu da aiki, ita kuma Kanari tana zaune tana jin mu.

A karo na uku, likitar ta ciro guntun robar ta ajiye a farantin ƙarfe ƙarƙashin fitilarta, tana juya shi tana mamaki. Ni kuma karambani ya sa na sa tabarau na leƙa. Yaya, shekarata ashirin da biyu a kan keke. Ko a mafarki na san bambancin abin da ya tsinke da abin da aka yanke. Roba in ta tsinke bakinta miƙewa yake yi ya yi tsumma-tsumma. Wannan kuwa bakinta sumul, a karkace, da ɗan tsini a gefe guda. Tsinin nan na san shi kamar tafin hannuna, domin ƙaramin almakashina na yanke zare ya taɓa faɗuwa bakinsa ya ɗan ɓare, kuma duk abin da ya yanka sai ya bar masa wannan alama. Na kalli Kanari a kan kujerar nan baki buɗe, ita kuma ta kalli silin.

Da muka dawo da la'asar na sallami masu jiran ɗinki, na tura ƙofar shago, na ajiye almakashin a gabanta. Allah Ya yafe min, na yi ruwan faɗa. Na ce mata ubanta yana can yana shan rana saboda ita, ita tana nan tana ɓarna da hannunta. Na ce ta sa na zalunci mijina a banza, kuma da almakashin ya zame ya huda mata dasashi, me zan gaya maka? Ta bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan cikin kuka ta ce ba gyaran ne ba ta so ba, tana son haƙoranta yadda suka koma, wushiryar ce kawai ba ta so a taɓa. Ta ce tun bara ta lura muryar mamanta ta fara ɓace mata, in ta rufe ido ta nemo ta ba ta samu. Hotunan marigayiya kuma duk bakinta a rufe yake, ka san yadda take jin kunyar mai hoto. Ta ce abin da ya rage mata shi ne in ta tsaya gaban madubi ta yi murmushi, a nan take ganin mamanta, don wushiryar tata ce ta gado. In aka haɗe wurin, ba ta san inda za ta sake nemanta ba.

Yaya, ni da na yi ƙawance da marigayiya tun kafin ka san da ita, ni da na ɗinka mata kayan da ta haifi yarinyar nan a cikinsu, wata takwas ina kai Kanari asibiti ban taɓa tunanin wannan ba. Na ji kunya, na ji tausayi. Na jawo ta jikina muka yi kukanmu a kan yadin mutane, har sai da na sake masa guga. Maigidana kuwa da na ba shi haƙuri cewa ya yi a dawo masa da masararsa kawai, ya yafe.

Washegari muka koma, na sa Kanari ta yi bayani da bakinta. Likitar ta ajiye kayan aikinta ta saurare ta har ƙarshe. Ta yi mata faɗan almakashi sosai, ta sa ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba. Sannan ta ce wushirya irin tata ba ciwo ba ce, ba ta hana tauna, ba ta hana magana. Za ta iya ƙarasa gyaran sauran ta bar wurin, sai dai zai ɗan rage faɗi, kuma bayan an cire ƙarfen za a sa mata wani abin riƙo don kada haƙoran su koma gidan jiya. Amma ta ce kai ka sa hannu a takardar farko, kuma a ciki an rubuta za a haɗe wurin, don haka ba za ta sauya ba sai da yawunka. Ranar komawarmu saura mako uku. In amsarka ba ta zo ba, sarƙar nan za a mayar.

Na tuna ka ce kana so ka dawo ka ga haƙoranta a jere reras, ba ko rata. Ban ga laifinka ba. Amma ni ƙanwarka ce, kuma ina da ido. Tun da aka yi rasuwar nan, shekara huɗu ke nan, duk sanda yarinyar nan ta ƙyalƙyale da dariya sai ka sami abin dubawa a ƙasa. Na daɗe da lura, ashe ita ma ta lura. Shi ya sa ta kasa gaya maka, ta ce kada ta fama maka ciwo. Abin da yake sa ka kawar da kai, shi take tsayawa gaban madubi ta nema. Don girman Allah ka bar mata. Yarinya ce da ta dawo hayyacinta, ta shiga 'yan muhawarar makaranta, a shago ma ta hana ni jin rediyo.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina wasa da cin abinci. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka Kawu da Gwaggo Ƙarama da maƙwabcinmu mai gyaran rediyo. Ka gaishe min da Dogo abokin aikinka da iyalinsa. A cikin ambulan ɗin nan akwai hoto, Kanari ce ta ja ni wajen mai hoto jiya, ta wage baki da ƙarfenta da komai. Na tambaye ta me zan rubuta a bayansa, ta ce kada in rubuta komai, in dai ce maka ka kalla sosai, wannan karon kada ka dubi ƙasa.

Allah Ya jiƙan marigayiya, Ya raya mana abin da ta bari. Muna jiran amsarka.

Taka ƙanwa,
Mai keken ɗinki